Za mu kai Baba Indiya aikin gwiwa, amma wani bidiyo ya hana Inna barci

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah waɗanda suka taɓa kai marar lafiya Indiya ku ba ni shawara. In sha Allahu ranar 5 ga Disamba za mu tashi da Baba, za a yi masa aikin gwiwa a Gurugram, nan gefen Delhi. Biza ta fito, tasa da tawa, an yanki tikiti ta Addis Ababa. Yau kwana uku akwatina yana buɗe a tsakar ɗaki, in saka wannan in cire wancan. Amma ba akwatin ne ya fi damuna ba, Inna ce. Shekaranjiya Goggonmu ta turo mata wani bidiyo, wasu samari da ƙyalle ruwan goro a wuya sun tare wani mai gemu suna duka suna tilasta masa ya maimaita wata kalma. Tun daga nan Inna ta kafe, wai gara ya yi ta ɗingishi a gida da a kai mata miji inda ake dukan masu gemu. Baba kuwa gemunsa har ƙirji, ba mai raba shi da hula da carbi. Ni kaina jikina ya fara sanyi. Me zan ɗauka, kuma tsakani da Allah yaya baƙo Musulmi yake zama a can?

Hajiya Turai:
Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne. 'Yata, fara da kayan sanyi. Kowa zafin Indiya yake ji, amma Delhi a Disamba da dare sanyi har ƙashi. Ki sai masa safa mai kauri da rigar sanyi mai buɗewa ta gaba, don wanda aka yi wa aiki ba ya son ɗaga hannu da yawan motsi. Ki haɗa da takunkumin fuska mai kyau, hayaƙin garin a wannan lokacin ba na wasa ba ne.

Baban Sadiq:
Allah Ya ƙara sauƙi. Sau biyu na raka Hajiyarmu, bari in faɗa miki abin da ya fi tufafi. Katin allurar shawara, naki da nasa, na ainihi ba hoto ba, kuma allurar ta kai kwana 10 kafin ku sauka. Ba su da wasa da wannan, wanda ya zo babu shi suna iya killace shi har kwana 6. Ki tambayi na shan inna ma, mu an nema a hannunmu. Wasiƙar gayyata ta asibiti ki buga ta a takarda, kada ki dogara da waya, don a layin shige da fice ne waya take zaɓar mutuwa. Magungunan da yake sha ki bar su cikin kwalayensu da takardar likita, a jakar hannu. Fawa banki na cajin waya ma jakar hannu. In tsabar kuɗin da ke jikinku ta haura dala 5,000, ki cike takardar bayyanawa wajen kwastam. Ki nemi keken marasa lafiya tun yanzu ta wajen wanda ya yankar muku tikiti, filin jirgin Delhi tafiya ce mai nisa ga mai ƙafa biyu lafiyayyu ma.

Maman Ilham:
Na gode Yaya. Kati akwai, na shan innan ne ban sani ba, gobe zan je. To maganar ɗayan fa?

Ɗan Auta:
Anti, gaskiya Inna ta fi ku gaskiya. Ni ban ga dalilin da zai sa mutum ya kwashi dukiyarsa ya kai wa mutanen da suka rushe masallaci da hannunsu suka gina ɗakin gunki a wajen ba. Babu asibiti ne a Masar? Babu a Turkiyya? Kuma kin lura da ranar da za ku sauka kuwa? Kun tashi 5, kun sauka 6 ga Disamba. Ranar da aka rushe masallacin Babri ke nan.

Maman Ilham:
Innalillahi. Wallahi ban sani ba. Ranar da asibiti suka ba mu muka bi.

Malam Sule:
Auta, ka faɗi gaskiya amma ka faɗe ta yadda za ta ƙara wa mai tsoro tsoro. E, ranar 6 ga Disamba 1992 aka rushe masallacin Babri, kuma rikicin da ya biyo baya ya ci mutum wajen 2,000. Amma a Ayodhya abin ya faru, cikin jihar Uttar Pradesh, tafiyar ɗaruruwan kilomita daga Delhi. Shekara fiye da talatin ke nan, abin da ake yi a ranar yanzu shi ne a ƙara 'yan sanda a Ayodhya da Mathura da makamantansu. Wadda za ta fito daga jirgi ta shiga mota ta yi rabin awa zuwa masauki ba ta da haɗi da wannan.

Hajiya, ki riƙe wannan lissafin ki kai wa Inna. A ƙidayar 2011 Musulmin Indiya miliyan 172 ne, kashi 14 cikin ɗari, yanzu kuwa sun haura haka nesa. Duk duniya Indonesiya da Pakistan ne kawai ake sa su a sahu ɗaya da su. Masu gemu da hula a Delhi sun fi ƙarfin a ƙirga. Baba ba zai zama abin kallo saboda gemu ba.

Ɗan Auta:
Yawa ya hana a kashe su ne, Malam? A 2020 a cikin Delhin nan aka kashe mutum 53, yawancinsu Musulmi, Trump yana garin ana yi masa liyafa. A Gujarat a 2002 fa? Wa yake babban ministan jihar a lokacin? Modi ne, kuma shi ne yanzu yake mulkin ƙasar.

Malam Sule:
Ban musa ko ɗaya ba. Na Gujarat gwamnatinsu da bakinta ta ce Musulmi 790 da Hindu 254, bayan gobarar jirgin ƙasa a Godhra da ta kashe Hindu 59, kuma da yawa suna ganin adadin ya wuce haka. Har Amurka ta hana Modi biza a 2005 a kan wannan. Bidiyon da Goggo ta turo ma ban ce ƙarya ba ne, an yi irinsa a zahiri, kamar na Tabrez Ansari a Jharkhand a 2019 wanda aka ɗaure aka yi ta duka ana sa shi kiran sunan Ram, abin bautar Hindu, ya rasu bayan 'yan kwanaki. Abin da nake cewa shi ne wutar tana da inda take tashi da lokacin da take tashi, kuma mai tafiya abin da yake buƙatar sani ke nan.

Baban Sadiq:
Bari in ba ku abin da idona ya gani, tunda Gurugram ɗin ake magana. Zuwanmu na biyu ya faɗo daidai rikicin Nuh, ƙarshen Yulin 2023. Jerin gwanon wata ƙungiyar Hindu ne ya ratsa garin da Musulmi suka fi yawa, aka yi arangama, cikin dare abin ya tsallako Gurugram, aka ƙone masallaci a Sector 57 aka kashe na'ibin liman. Mu muna masauki ba mu san komai ba sai da safe na sauko sayen ruwa na tarar mai shagon, Musulmi ne, ya rufe ya tafi. Direban da ke kai mu gashin ƙafa Hindu ne, har da ɗan gunkinsa a gaban mota yana rawa in an shiga rami. Ranar da ya zo sai ya kalle ni ta madubi, ya nuna kaina, ya yi alamar in cire hula. Raina ya ɓaci, na ɗauka wulaƙanci ne. Sai ya kira tafinta ya miƙo min waya, tafintan ya ce cewa yake akwai samari a mahaɗar da ke gaba, in sa hular a aljihu har mu wuce. Ya zagaya da mu ta wata doguwar hanya, bai ƙara ko rufi ɗaya a kuɗinsa ba. Da muka shiga harabar asibiti shi da kansa ya juyo ya ce in mayar. Juma'ar wannan makon a ɗaki na yi azahar, don limaman garin sun ce kowa ya yi a gida. Bayan mako guda shagon ya buɗe. Aikin Hajiya ko kwana ɗaya ba a ɗaga ba.

Ɗan Auta:
To ka gani. Sai da ka cire hula. Ni nan ne abin yake min ciwo.

Baban Sadiq:
Ni ma ya yi min ciwo, har yau ina tunawa. Amma uwata ce a kujerar baya da sanda a cinya, ba ranar nuna jarumta ba ce.

Ustaz Kabiru:
Hula ba farilla ba ce, Auta, rai kuwa an wajabta kare shi. Maman Ilham, wani abu da ba wanda ya faɗa miki: ki gaya wa Baba a can alƙibla yamma take. Makka tana yammacin Indiya. Na san dattawanmu, in ka bar shi zai leƙa taga ya ga inda rana ta fito ya shimfiɗa darduma ya ce ya fuskanci gabas. Ki sa manhajar alƙibla a waya. Sannan agogonsu yana gaban namu da awa huɗu da rabi, ki gyara masa na hannunsa tun a jirgi saboda lokutan salla da na shan magani.

Hajiya Turai:
Ustaz ka tuna min. Maigidana kwana biyu yana ba wa Ka'aba baya, sai wata mai shara ce ta ga abin ya ishe ta ta zo ta juya masa dardumar. Har yau in ina son tsokanarsa sai in ce Alhaji ina gabas.

Maman Ilham:
Hajiya kin sa ni dariya ina cikin damuwa. Ni kuma hijabina fa? Na ji an ce an hana.

Anti Rifkatu:
Ƙanwata, ba a hana ba. Na yi shekara uku a Bengaluru ina karatun jinya, kuma ina nan aka yi rigimar. A jihar Karnataka ce, farkon 2022, wata kwaleji a Udupi ta hana 'yan mata shiga aji da ɗankwali, gwamnatin jiha ta mara mata baya, babbar kotun jiha ta amince, da aka je Kotun Ƙoli alƙalai biyu suka rabu, ɗaya nan ɗaya can. Maganar kayan makaranta ce a jiha ɗaya. A titi da kasuwa da asibiti mata suna yawo da hijabi har da niƙabi. A filin jirgi layin mata daban ne, akwai ɗan ɗaki mai labule, mace ce za ta duba ki.

Kuma tunda ana lissafin waɗanda aka zalunta, a sa mu a ciki. Kiristoci kashi 2 da ɗoriya ne a ƙasar. A 1999 aka ƙone wani ɗan mishan, Graham Staines, da 'ya'yansa biyu ƙanana suna barci a mota a Odisha, mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana kula da kutare. A 2008 aka far wa Kiristoci a Kandhamal, a wannan jihar dai. Na Manipur da ya fara a Mayun 2023 ya kashe fiye da mutum 200, an ƙone coci da yawa, dubun dubatar mutane sun bar gidajensu. Jihohi da dama suna da dokar hana sauya addini da ake kama fastoci da ita. Ban taɓa ganin an turo bidiyon ko ɗaya a cikin wannan zauren ba.

Ɗan Auta:
Anti, wannan kuma wani zance ne daban. Na Manipur ai faɗan ƙabilanci ne, Meitei da Kuki, a kan fili.

Anti Rifkatu:
Haka kowa yake cewa in ba nasa aka taɓa ba, ƙanina. In naka ne addini ne, in na wani ne fili ne. A zauren cocinmu ma haka ake yi, na Manipur ya zaga sau goma, na Delhi ba wanda ya turo. Ni dai na zauna da su, kuma wadda ta fi kowa riƙe ni a can wata Bahindiya ce mai ɗigon ja a goshi, ita ta kwana a kaina da na yi zazzaɓin dengi.

Malam Sule:
Anti ta taɓo inda nake son zuwa. Ku duba tarihin jam'iyyar BJP ta Modi kawai. A zaɓen 1984 kujera 2 ta samu a majalisa. Ta ɗauki maganar Ayodhya ta riƙe, a 1989 ta samu 85. A 1990 Advani, shugaban jam'iyyar a lokacin, ya hau mota da aka yi wa ado kamar karusar Ram ya ratsa ƙasar, duk inda ya bi sai an yi rikici, a 1991 suka samu 120. Wannan ba wahayi ba ne, lissafi ne. Hindu sun kusa kashi 80, amma a rarrabe suke, ga bambancin asali na sama da na ƙasa, ga harsuna barkatai. Abin da zai sa Brahmin na sama da Dalit na ƙasa su dangwala wa mutum ɗaya shi ne a nuna musu wani na uku a ce ga abokin gaba. Kotun Ƙoli a 2019 ta ce rushe masallacin saɓa doka ne, kuma duk da haka ta ba Hindu filin, ta ce a ba Musulmi eka 5 a wani waje. Aka buɗe haikalin Ram a wajen ranar 22 ga Janairu 2024, ginin bai ma kammala ba, saura wata uku zaɓe. Dokar zama ɗan ƙasa da ta ware Musulmi an zartar da ita tun Disamban 2019, amma sai Maris 2024 aka fito da ƙa'idojin aiki da ita, saura kwana biyar a sanar da ranar zaɓe. Wa ya ga wannan ya ce tsautsayi ne?

Ɗan Auta:
Malam, wannan “siyasa ce ba addini ba” na gaji da jinta. Ɗan siyasa ɗan kasuwa ne, ba ya kasa abin da ba a saye. In da babu ƙiyayyar a zukatan mutane, da me zai sayar? Wanda ya ɗauki sanda ya bugi mai gemu ba kujerar majalisa aka yi masa alkawari ba.

Malam Sule:
Wannan tambayar taka ta fi duk abin da ka faɗa yau nauyi, kuma ba zan ce ina da cikakkiyar amsarta ba. Gaskiya ne akwai tsohon miki, tun rabuwar Indiya da Pakistan a 1947 da mutane wajen miliyan 15 suka yi hijira, aka yi kashe-kashen da har yau ba a daidaita kan adadinsa ba. Garwashin yana nan. Amma garwashi ba ya zama gobara sai da mai fifita. Kuma ga abin da ya sa ban yanke ƙauna ba: a zaɓen 2024, bayan haikalin, bayan jawabin da Modi ya yi a Rajasthan yana shaguɓe da masu kutse da masu yawan 'ya'ya, BJP ta faɗo daga 303 zuwa 240, ƙasa da 272 da ake buƙata, sai da ta jingina da wasu jam'iyyu. Mazaɓar Faizabad, wadda Ayodhya take cikinta, ta kuɓuce musu, wani Dalit na jam'iyyar Samajwadi ya cinye. Mutanen da aka rushe wa shaguna don faɗaɗa hanyar haikali sun yi lissafin tukunyarsu. A Tamil Nadu ko kujera ɗaya ba su samu ba. Wato hajar tana da masu saye, amma ba kullum ba, ba kuma ko'ina ba.

Kada kuma mu ɗora wa jam'iyya ɗaya. A 1984 da masu gadin Firaminista Indira Gandhi 'yan Sikh suka harbe ta, an kashe 'yan Sikh kusan 3,000 a Delhi cikin 'yan kwanaki, jam'iyyarta ta Congress ce a kan mulki, kuma akwai 'yan jam'iyyar da kotu ta ɗaure a kan haka.

Ɗan Auta:
Sun faɗo amma har yanzu su ne a kai. Kuma katafila tana ci gaba da rushe gidajen Musulmi.

Malam Sule:
Shi ya sa Kotun Ƙoli a Nuwamban 2024 ta ce ba a rushe gidan kowa don ana zarginsa da laifi, sai an ba shi sanarwar kwana 15. Ko ana bi ko ba a bi, wannan kuma sai a tambayi mazauna can.

Oga Danladi:
Ni fa mamaki kuke ba ni. Kamar mu baƙin irin wannan ne. Wa a cikinmu bai taɓa shiga mota ya yi ta lissafin wace unguwa za a ratsa da wane suna zai faɗa in an tare hanya ba? Muna da bakin yi wa wasu wa'azi?

Ɗan Auta:
Oga kada ka kawo wannan nan, don in aka fara lissafin wa ya fara, wallahi ba za ka ji daɗi ba.

Oga Danladi:
Fara mana. Ni ma ina da nawa lissafin.

Admin:
Dakata. Danladi, Auta, na goge saƙonni biyu na ƙarshe, kuma duk wanda ya sake sai ya huta kwana uku a waje. Baiwar Allah ta zo tambayar yadda za ta kai mahaifinta asibiti, kun mayar da abin filin dambe. A koma kan akwati.

Dakta Nafi'u:
Na shigo a makare. Hajiya, ni a Chennai na yi karatu amma na zauna Delhi wata shida. In gaya miki gaskiya, abin da za ki fi ji a jikinki ba addininki ba ne, fatarki ce. Kallo, dariya, yara su bi ki suna kiran kalu ko habshi, wato baƙar fata, mai gida ya ce ɗakin an kama da zarar ya ga fuskarki. A Maris 2017 a Greater Noida taron mutane suka far wa ɗalibai 'yan Najeriya a cikin wani katafaren kanti, saboda jita-jitar da aka yaɗa bayan mutuwar wani yaro. Wanda ya ɗaga kujera ya buga musu bai tambayi wa ke zuwa masallaci wa ke zuwa coci ba. A unguwannin asibitoci abin da sauƙi ƙwarai, sun saba da mu, ga Larabawa, ga 'yan Afganistan, ga 'yan Uzbekistan, kuma kuɗinmu ake so. Ki kama masauki a nan kusa ko da ya ɗan fi tsada. Ki tabbata sun cike muku Form C, takardar da ake sanar da hukuma baƙo ya sauka, don wasu masu gidajen haya suna noƙewa kuma ku abin zai dama ranar fita. In bizarku ta haura kwana 180 akwai rajista da ofishin baƙi cikin kwana 14, ta intanet ake yi, sashen baƙi na asibiti sun san kan abin.

Sai 'yan kamasho. Duk wanda ya tare ki a ƙofa da Hausa ko Larabci yana cewa ya san likitan da ya fi naku, ki ce Allah Ya ba da sa'a. Kuɗi a kantar asibiti kawai, da rasit.

Ustaz Kabiru:
Ƙari a kan na Dakta. Bizar jinya ta jinya ce. Na san Baba mai son ya tashi bayan salla ya ɗan yi nasiha ne, to a can ya haƙura. A 2020 an kama baƙi 'yan Tablig da yawa da suka je markaz ɗin Nizamuddin, aka ce sun saɓa sharaɗin biza sun yaɗa korona, wasu suka shafe watanni ba su koma gida ba. Daga baya wata babbar kotu a Maharashtra ta ce an mayar da su abin ɗora wa laifi ne kawai, amma wa zai biya su watannin? Ya yi sallarsa ya fito. In ya warke yana iya takawa, ki kai shi Jama Masjid da Shah Jahan ya gama a 1656, sai dai matakalarsa da yawa, ki tambayi likita tukun.

Maman Ilham:
Kamar kun san shi. Ko a layin asibiti sai ya tara mutane.

Anti Rifkatu:
Kuma ke ma, in direba ko wani a ɗakin jira ya tambaye ki ya kika ga Modi, ko me kika ce game da Pakistan, ki yi murmushi ki ce ke gwiwa kika kawo. Suna son wannan hirar kamar me. Facebook ɗinki ma ki bar shi ya huta har ki dawo. Ki riƙa duba labarai da safe dai, don abu yana iya tasowa ba zato. A Mayun 2025 da suka yi musayar wuta da Pakistan bayan harin Pahalgam a Kashmir, an rufe filayen jirgi da dama a arewacin ƙasar na 'yan kwanaki. Ki sayi tikitin da ake iya ɗaga ranarsa, ki bar ɗan kuɗin kwana goma a gefe. Ko ba rikici, hazon Disamba kaɗai yana hana jirgi tashi.

Hajiya Turai:
Na manta babba. Kada ki yarda kowa ya cusa miki busasshen nama a kaya, wai don marar lafiya ya samu na marmari. Kwastam ba sa bari, kuma can saniya uwa ce a wajensu, yawancin jihohi sun haramta yanka ta, Haryana da za ku, inda Gurugram take, tana cikin masu tsanani. A 2015 a Dadri jita-jitar nama a firji kawai ta sa aka kashe Mohammad Akhlaq. Ba wanda zai tsaya ki yi masa bayanin na rago ne. Naman halal yana nan a unguwannin Musulmi, kaza da akuya da ɓauna.

Dakta Nafi'u:
Kan bidiyon Goggo kuma, ki duba ko an rubuta gari da shekara. Yawanci babu. Su kansu Indiyawan abin ya ci su: a 2018 wani bidiyon wayar da kai da aka yi a Pakistan kan satar yara aka yanke ƙarshensa aka yaɗa, mutanen ƙauye suka riƙa kashe baƙin da suka tsaya tambayar hanya. Dalilin da ya sa WhatsApp ta taƙaita turawa zuwa wuri biyar ke nan, a Indiya aka fara. Kada ki ce wa Inna ƙarya ne, don za ta ga wani gobe ta daina yarda da ke. Ki ce mata ana yi, amma ga inda za ku, ga wanda zai ɗauke ku, ga lambar da za ta same ku.

Ɗan Auta:
Ni dai ban canza ra'ayi ba, in ni ne Alƙahira zan nufa. Amma Anti tunda an riga an biya, Allah Ya kai ku lafiya Ya dawo da ku lafiya. Ki gai da Baba. Oga Danladi, a yi haƙuri, zafin kai ne.

Oga Danladi:
Ba komai Auta, ni na fara. Allah Ya ba Baba lafiya.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa. Na je wajen Inna da daren nan na karanta mata na Baban Sadiq da na Anti Rifkatu daga farko har ƙarshe. Ta yi shiru, can ta ce direban nan yana nan har yanzu? Yaya, in kana da lambarsa don Allah ka turo min ta gefe. Ba ta ce ta yarda ba, amma ta tashi ta ɗauko rigar sanyin Baba ta ce a wanke. Shi kuwa gogan da na ce masa alƙibla yamma take, cewa ya yi in bar shi da zancen 'yan boko, sai ya je ya gani da idonsa.

Hajiya Turai, kamar kina ɗakin. Na zazzage akwatin Baba yanzu, a can ƙasa cikin zanen Goggo na tarar da ƙulli biyu, an naɗe da jarida an ɗaure da leda uku. Na cire. Yanzu wa zai kira Goggo ya gaya mata, don ni dai ba zan iya ba.

Baban Sadiq:
Na turo lambar. Ki ce masa ɗan Mama mai sanda ne ya ba ki. Ƙullin kuma ki aiko min, ni zan yi wa Goggo bayani.